Anza da shekarun yunwa a ƙasar Gure

Matafiyin da ya bar birnin Damagaram ya nufi gabas a kan babbar hanyar Diffa, idan ya wuce Mirya da Gidimuni da Gidigir, kafin ya cinye kimanin kilomita 160 da ke tsakaninsa da Gure idonsa zai gaji da launi guda: jan rairayi, da busasshiyar ciyawa, da duwatsun Muniyo da ke leƙowa can nesa. In a tsakiyar bazara ne, lokacin da ko akuya ke neman inuwa, zai lura da wani gajeren itace wanda da wuya ya wuce tsayin mutum biyu, ganyensa da kauri kamar jemammiyar fata, kore shar, tamkar fari bai san da zamansa ba. Wannan ita ce anza. Direba ba ya tsayawa dominta, ɗan lakwal ba ya samun sunanta a littafin karatunsa, amma akwai zuri'o'i da dama a gundumar Gure waɗanda ba don ita ba da kakanninsu ba su kai kaka ba a wasu shekaru.

Hausawa na ce mata anza, wasu su ce hanza, ƙwayoyinta kuma a kira su dilo. Fulani na ce mata gigile, Larabawan Cadi da Sudan kuwa muhet. Masana tsirrai na Turai sun raɗa mata Boscia senegalensis, don girmama wani Bafaranshe mai nazarin halittu, Louis Bosc, da kuma tuna ƙasar Senegal. Tana fitowa tun daga Muritaniya har Sudan da Habasha, wato a duk tsawon zirin da ruwan sama ke yi wa rowa. Likitan nan ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya sa ta cikin ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda ya fito a 1916. Sai dai kafin wani ya rubuta sunanta a takarda, matan Manga da na Hausawa da na Fulani sun daɗe da sanin abin da ya fi suna muhimmanci, wato yadda ake raba ta da ɗacinta.

Ƙasar Muniyo, wadda Gure ta zama fadarta a ƙarni na 19, ƙasar Mangawa ce da ke bin Barno. Arzikinta yana cikin kwarurrukan da ke tsakanin tuddan rairayi, inda ruwa ke kusa, inda goriba da dabino ke tsayawa, inda ake kwasar kanwa da dafa gishirin mangul a kai kasuwannin Hausa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya ratsa ta a watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya kuma gana da Muniyoma Koso a Gure. Daga baya ikon Damagaram ya rinjayi Muniyo, sa'an nan Faransawa suka iso bayan sun ci Damagaram a 1899. Abin da matafiya da ƴan mulkin mallaka suka bari a rubuce ya fi karkata ga sarakuna da dawakai da haraji da ayarin kanwa. Abin da matar talaka ta ɗora a murhu a watan Yuni, bayan an share rumbu an kai iri gona, da wuya ya shiga rahoton kwamanda, sai fa in yunwa ta kai inda haraji ya ƙi taruwa. Saboda haka tarihin anza rabinsa yana bakin tsofaffi, rabinsa kuma sai an tsamo shi daga gefen tarihin yunwa.

Dalilin da ya sa wannan itace ya sami matsayin da ya samu yana cikin kalandarsa. Yawancin abin da daji ke bayarwa yana bin damina: tafasa da gasaya duk sai ruwa ya sauka, ƙarangiya sai ta nuna. Anza kuwa tana fure da rani, ta ɗauki ƴaƴa cikin zafin bazara, su nuna daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina, daidai lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai zo ba, kuma daidai lokacin da manomi ya fi bukatar ƙarfin riƙe hauya. Saiwarta na nitsawa ƙasa sosai, don haka shekarar da gero ya ƙone tun yana ƙarami ita ba ta fasa haihuwa. Dabbobi ma ba su cika damuwa da ganyenta ba sai in sun rasa komai, abin da ya sa take tsira a wuraren da kiwo ya cinye sauran itatuwa. In an sare ta wajen sassabe, kututturen ya sake tohowa.

Ƴaƴan ƙanana ne, kewayayyu, a cure a reshe. In sun nuna sai su koma rawaya, ɓargon da ke ciki ya yi zaƙi da danƙo, yara da tsuntsaye su yi ta sha. Amma abincin gaske yana cikin ƙwayar, ita kuwa ɗanyarta ɗaci gare ta mai kama maƙogwaro, kuma tana da guba. A nan ne ilimin yake, kuma ilimin mata ne kusan gaba ɗaya. A tsinko ƴaƴan a shanya su bushe, a surfa a turmi a hankali don ɓawon ya fita ƙwayar ba ta farfashe ba, a sheƙe, sa'an nan a jiƙa. Jiƙon shi ne gaba ɗayan sirrin. Kwana uku, kwana biyar, wani lokaci mako guda, kullum a tsiyaye ruwan jiya a zuba sabo. Wasu na fara tafasawa don a rage kwanakin, wasu na sa ɗan toka ko kanwa, wadda a ƙasar Gure ba ta da wuyar samu. Inda akwai tabki kusa, akan ɗaure buhun a bar shi cikin ruwa. Babu ma'auni sai harshe: tsohuwa ta ɗauki ƙwaya guda ta tauna, ta ce da saura, ko ta ce ya yi. In ya yi, a dafa dilo kamar wake a ci da ɗan mai da gishiri da yaji ko ƙuli-ƙuli, ko a sake shanya shi a niƙa, a gauraya garin da ɗan geron da ya rage don tuwo ya kai ga kowa. Da irin wannan aiki ne Bahaushe ya ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Mai karatu zai ga inda matsalar take. Abincin shekarar fari ne, amma ba ya ciwuwa sai da ruwa mai yawa. Matar da ke tafiyar sa'o'i zuwa rijiya mai gaba ashirin, ga yara na kuka, ita ce aka ce ta zubar da ruwa sau biyar ko bakwai kafin ta ɗora tukunya. Duk labarin da ake ji na mutanen da anza ta kwantar, ko ta yi ajalinsu, in aka bi sawunsa akan tarar an gajarta jiƙon ne, ko don ƙishin ruwa, ko don yunwa ba ta jira, ko kuma don aikin ya faɗa hannun wadda ba a koya mata ba.

Masana kimiyya sun gano sunan ɗacin. Wani sinadari ne da ake kira gulukokafarin, daga dangin sinadaran da ke ba kabeji da zogale ɗan yajin da ake ji a harshe, domin dukkansu ƴan babban gida guda ne a wurin masana tsirrai, kamar yadda anza da jiga suke ƴan ɗaki ɗaya. In aka daka ganye ko ƙwaya sai wannan sinadari ya rikiɗe ya saki wani tururi mai kashe ƙwari. Yana narkewa a ruwa, shi ya sa jiƙo ke fitar da shi. A 1993 wani masani ɗan Senegal, Dogo Seck, da abokan aikinsa na Beljiyam suka wallafa binciken da ya nuna cewa ganye da ƴaƴan anza, in aka rufe su tare da wake, suna kashe ƙwarin da ke huda shi. Manoman Sahel da ke shimfiɗa ganyen anza a rumbu ba su jira wannan takarda ba, amma ta tabbatar da cewa abin da suke yi ba camfi ba ne. Abin da ke sa ƙwayar ta zama haɗari ga ciki shi ne dai ke tsare hatsi.

Ta fuskar gina jiki, awon da aka yi wa dilo, har da na Nijar a shekarun 1990, ya nuna fiye da rabinsa sitaci ne, furotin ɗinsa kuma ya fi na gero da dawa, yana kuma ɗauke da sinadaran ƙarfe da zinki. Gaskiya ne ruwan jiƙo na tafiya da wani kaso na amfanin tare da ɗacin, kuma dilo shi kaɗai ba ya raya ƙaramin yaro, kamar yadda tuwon gero shi kaɗai ba ya raya shi. Duk da haka, wanda ya cika cikinsa da dilo ya ci abinci, bai ci ciyawa ba.

Wajen magani kuwa, kayan ƴar mai ganye a kasuwannin Sahel ba su cika rasa anza ba. Ana dafa ganyen don ciwon ciki da tsutsar ciki, ana daka shi a ɗora a kumburi ko gyambo, ana wanke ido da ruwansa, makiyaya kuma na ba dabbar da ta rame. A wasu wurare ana jefa dakakken ɓawo ko reshe cikin ruwan tabki mai laka don ya kwanta. A Cadi an daɗe ana ba masu ciwon suga, har masu bincike na can suka gwada ruwan ƙwayar a kan dabbobi suka ga sukarin jini ya sauka. Wannan abin lura ne, amma gwaji a kan zomo bai zama izinin ajiye maganin likita ba, kuma itacen da ke kashe ƙwari a rufaffen buhu ya cancanci a sha shi da awo. Masu maganin gargajiya na ƙwarai sun san haka. Masu tallar kwalabe a tasha ne ba su damu ba.

Shekarun yunwa suna da sunaye a ƙasar Hausa, kamar yadda sarakuna ke da su. Ta 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta zo bayan mummunan fari, a lokacin da Damagaram ke hedikwatar mulkin sojan Faransa a Nijar, ana karɓar haraji da kuɗi, ana ƙwace hatsi da raƙuma don bukatun bariki. Mutane suka watse, aka tone gidajen tururuwa don kwasar ƴan ƙwayoyin da suka tara, aka daka ƙarangiya da ƙwallon goriba. Ta 1931, wadda fara ta haddasa, ta fi tsanani a yammacin ƙasar, kuma André Salifou, ɗan Damagaram, ya yi rubutu a kanta. Bayanta ne Faransawa suka matsa da dokar rumbun tsimi, inda ake tilasta wa kowane mai gida ya zuba wani kaso na hatsinsa a rumbun da ba shi ke riƙe da ikon buɗe shi ba. Talakawa sun ƙi jinin wannan tsari, don sau da yawa hatsin na lalacewa ko ya bi wata hanya. Alhali kuwa a bayan gari akwai wani rumbun tsimin da ba kwamanda ya kafa ba, ba a kulle shi, ba a kuma biyan kowa kafin a ɗiba. A rahotannin Turawa irin waɗannan abinci suna da suna guda, aliments de disette, wato cimakar lokacin fatara, kuma ana ambatonsu ne a matsayin alamar cewa al'amari ya ɓaci.

Wannan suna ya bi anza har bayan samun ƴancin kai. A farin 1973 zuwa 1974, wanda ya share garkunan makiyaya ya kuma taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Diori Hamani a ranar 15 ga Afrilu 1974, mutane suka fara sanin wani sabon abu: motar taimako, da jar dawa daga Amurka, da layin rabo. A 1984, shekarar da mutanen Nijar suka raɗa wa El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin Janar Muhammadu Buhari, hanyar da mutanen Gure da Maine suka saba bi su sayo hatsi ko su tafi ci-rani ta toshe, aka koma wa daji. Haka abin ya kasance a can gabas: Alex de Waal, a littafinsa na 1989 kan yunwar Darfur, ya nuna cewa muhet ce ta riƙe mafi yawan mutanen arewacin Darfur a 1984 da 1985, tun kafin hatsin agaji ya isa gare su. Boureima Alpha Gado, masanin tarihi na jami'ar Yamai, ya tattara tarihin waɗannan shekaru a littafinsa na 1993, kuma abin da mai karatu ke fahimta daga irin wannan aiki shi ne yunwa ba baƙuwa ba ce a Sahel, mutane kuma ba su taɓa zama hannu rabbana suna jiranta ba.

Amma tun da buhun agaji ya shigo, ma'aunin daraja ya sauya. Shinkafa da taliya suka zama abincin wayayye, gero na talaka, dilo kuwa na wanda ya kai maƙura. Gidan da ake jiƙa anza sai a tura tukunyar bayan ɗaki kada baƙo ya gani. A kan ce da babu gara ba daɗi, a ci a share baki. Budurwar da ta yi lakwal ba ta son a ce ta iya wannan aiki, uwarta ma ba ta matsa mata, don tana fatan ƴarta ta fi ƙarfinsa. Makaranta ba ta taimaka ba. Ko da yake a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, darasin tsirrai ya ci gaba da zama na wake a cikin gwangwani da zanen furen da ba ya fitowa a Muniyo.

Shekarar 2005 ce ta fito da wannan ruɗani fili. Damina ta ɗauke da wuri a 2004, fara ta biyo baya, farashin gero ya yi hawan da ba a saba gani ba. A watan Yuli ƴan jaridar duniya suka cika Maraɗi da Damagaram, hotunan mata suna tsinkar ganye da anza suka zagaya duniya a matsayin shaidar cewa mutane sun koma cin abin da ba a ci. Marigayi shugaba Tandja Mamadu, ɗan Maine-Sorowa, ya gaya wa BBC a watan Agusta cewa babu yunwa a ƙasarsa, aka yi masa ca. A 2008 gidan talabijin na TV2 na ƙasar Norwe ya nuna wani fim da ya zargi kafofin labarai da ƙungiyoyin agaji da zuzuta al'amarin, yana kafa hujja da cewa waɗannan ganyaye da ƴaƴan itace abinci ne da aka saba ci.

Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya ƙi sakin ta. Wanda ya ga dilo a akushi ya ce ga mutuwa ta zo, bai san ƙasar ba, domin a ƙauyuka da yawa ana cin sa ko a shekarar albarka, akwai ma tsofaffin da ke marmarinsa. Wanda kuma ya ce tun da ana cin anza ai lafiya lau, ya rufe ido ga yara fiye da 60,000 da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa jinyar tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara. Tambayar da ta dace, wadda kowace tsohuwa a Kelle ko Bune za ta iya amsawa, ita ce: a wane wata aka fara ci, da me ake haɗawa, kwana nawa ake jiƙawa? In an fara tsinkar ta tun tana ɗanya shar, ana ci ba gero ko kaɗan a ciki, ana kuma tsame ta daga ruwa bayan kwana biyu, to gari ya ɓaci. In kuwa ana ci da mai da ƙuli-ƙuli a watan Yuli, wannan damina ce kawai irin ta kullum.

Ƙoƙarin maido mata da daraja ya fito daga jihar Damagaram ɗin kanta. Tun 1987 ƙungiyar Eden ta kafa tashar gwaji a Dalli, kusa da Tanut, tana raba wa manoma irin itatuwan daji masu ba da abinci don su shuka kai tsaye a gonakinsu ba tare da ban ruwa ba, anza na cikinsu. A 2014 aka kafa kamfanin Sahara Sahel Foods a birnin Damagaram, wanda ya shiga sayen ƴaƴan daga hannun matan karkara, yana cire ɗacin, yana yin gari da biskit da sauransu. A Amurka ma, littafin Lost Crops of Africa na 2008, kundi na uku, ya ware mata babi guda. Abin dariya ne, kuma abin takaici, a ce sai da dilo ya shiga leda mai tambari kafin ma'aikacin birni ya yarda ya ɗanɗana abin da kakarsa ta rayu da shi. Amma kuɗin da ke shiga hannun mai tsinka na gaske ne, kuma itacen da ke kawo kuɗi ba a cika sare shi ba. Wannan ya yi daidai da sassaben zamani da ya bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980, inda manomi ke barin kututture ya toho a gonarsa maimakon ya ƙone shi.

A gundumar Gure akwai ƙarin dalili. Tuddan rairayi na tafiya suna binne kwarurrukan da kanwa da dabino da lambuna suke, ana kashe kuɗi da ƙarfi wajen kafa shingayen kara da rassa don tsayar da su. Anza na cikin itatuwan da ke riƙe ƙasa a inda suka tsaya, ba ta neman a shayar da ita, akuya kuma ba ta gama da ita. Sai dai tana da jinkirin girma. Wanda ya shuka ƙwayarta bana zai yi shekaru kafin ya tsinki ƴaƴa.

Itacen dai yana nan a bakin hanya da gefen gonaki. Abin da ke raguwa shi ne yawan waɗanda za su tauna ƙwaya guda su ce da saura. Matan da suka yi jiƙon 1974 da na 1984 da hannunsu yanzu sun tsufa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya, kuma yadda ake yi a Gamu ba lalle ya zama yadda ake yi a Gidigir ba: yawan kwanaki, da toka ko kanwa, da tafasawa ko rashinta, da sunayen da kowane mataki ke da su a Barbarci da Hausa da Fulatanci. Malamin da ya tura ɗalibansa hutun damina da tambayoyi biyar su kai wa kakanninsu, ko ƙungiyar raya al'adu da ta zauna da tsofaffin unguwa da na'urar ɗaukar magana, za su tara abin da ba ya cikin Barth ko Dalziel. Watan Yuni da Yuli ne lokacin, sa'ad da ƴaƴan ke rawaya a reshe, tukwanen jiƙo kuma ke jere a bayan ɗaki.